Farar Ƙafar Herminia

"Ba za ki shiga ba," in ji Nicanor. "Ko Paparoma ne ya riƙo hannunki."

"Ban ce a riƙe mini hannu ba, Yaya. Tikiti na ce ka samo mini."

"Tikiti ya ƙare tun farkon mako."

"Katinka fa, shi ma ya ƙare?"

Ya ɗaga kai yana duban bangon filin, kamar yau ya fara ganinsa. Herminia ta ci gaba da juya tukunya. Tun da sassafe take nan a bakin ƙofa ta biyar, inda take kafa kurfotinta duk Lahadin da ƙungiyar ƙwallon garin, Hilanderos, ke wasa a gida. Kunun masara take sayarwa, irin namu na Orizaba, mai ɗanyen barkono da yankan masara da totuwarta a ciki, wanda ake sha ana share hanci. Yayyafi na sauka siriri. Dutse ya ɓuya cikin gajimare.

Yau ce ranar ƙarshe ta filin, kowa ya sani. In Hilanderos sun ci, sun koma rukunin manya, kuma masu gasa sun ce ba za a buga wasan manya a kan tsagaggen siminti ba, sai a sabon filin da ke bayan gari. In sun faɗi, mai ƙungiyar ya gaji, sayarwa zai yi. Ko ta ina aka bi, gobe kwaɗo ne a ƙofa. Wasan farko a garin abokan karawarsu, 'yan bakin teku, an tashi babu ci, saboda haka na yau shi ne magana.

Ubansu na cikin ma'aikatan masaƙa da suka gina wurin da hannunsu, ranakun hutu, bayan an taso daga coci. Amma sau ɗaya tak Herminia ta taɓa ganin cikinsa. Tana 'yar shekara goma sha tara, Baba na kwance ba ya iya tashi, ya ba ta katinsa ya ce ta je ta zauna masa a layi na tara, inda tsofaffin magoya baya ke zama. Ranar aka zura musu uku, suka faɗo daga rukunin manya. Da 'yan layi na tara suka zauna bincike a mashaya, ba su ga laifin koci ba, ba su ga na golan da ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ba. Kowa ya zauna inda ya saba. Kowa ya sa safarsa ta sa'a wadda ba a wankewa. Abu ɗaya ne sabo a layin. Ita.

Kafin shekara ta zagayo masaƙa ta rufe, Baba ya rasu. Aka tattara aka ɗora mata. Mijin da ta aura daga baya ya tsallaka iyaka neman aiki, bai dawo ba, shi ma aka rubuta da sunanta. Nicanor ya taɓa kai ta kasuwa wajen wata tsohuwa, aka shafe ta da ɗanyen ƙwai da ganye, aka fasa ƙwan a kofin ruwa. Tsohuwar ta duba ta ce ba ta ga komai ba. Nicanor ya ce idon tsohuwar ne ya mutu.

Abin da ke ci mata rai shi ne ba wanda ya tsane ta. Sonta suke yi, amma a waje. Duk ɗan layi na tara sai ya ƙwanƙwasa murfin tukunyarta kafin ya shiga, don ya tabbatar mai farar ƙafa tana inda aka ajiye ta. Samari suka gani suka ɗauka, ba su ma san dalili ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da kunne take kallon ƙwallo, ta bayan bango.

Ta sake gwadawa a hankali. Ta ce ba wai zama za ta yi ba, leƙawa kawai, ta ga abin da Baba ya gina kafin a rushe. Nicanor ya ce ta zo gobe in an watse, shi da kansa zai roƙi mai gadi. Ta ce fili ba mutane ai kango ne.

"Herminia, garin nan ya daɗe yana jiran yau. Ki ji tausayinmu."

"Ni ba 'yar garin ba ce?"

"Zuba mini kununa, lokaci na tafiya."

Ta dube shi. Ya yi furfura, ya yi teɓa, shi ne shugaban layi na tara yanzu. Kuma yana da tasa al'adar da ba ta canzawa. Kwanon farko nasa ne, a wani tsohon kwanon tangaran mai tsagaggen baki. Yakan cire jaket ɗinsa kore da baƙi ya ba ta ta riƙe, don kada kunu ya ɗiga a kai. Yakan tsaya a kan murfin kwata da ke gefen kurfoti, ƙafa biyu a haɗe, ba ya motsi ba ya magana sai ya ga gindin kwano. Sau ɗaya ya taɓa barin saura, don ya ji an busa usur, aka ci su biyar. Tun daga nan ko gobara ta tashi sai ya shanye.

Herminia ta nutsa ludayi can ƙasan tukunya, inda kunun ke tafasa yana tsalle. Ta cika kwanon har baki. Ta ƙara masa cokali biyu na jan barkonon da take ɓoye wa direbobin manyan motoci. Ya miƙo jaket, ya karɓi kwano da hannu biyu, ya hau murfin kwata, ya haɗa ƙafa, ya kurɓa.

Ta kwance rigar girkinta ta rataya masa a kafaɗa. Ta sa jaket ɗin. Katin na nan a aljihun ciki, inda yake kullum.

"Ka kula da wutar, Yaya. In ya yi kauri ka ƙara ruwa."

Idanunsa suka fito. Ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ƙafarsa ɗaya ta ɗaga ta koma. Ya kai kwanon baki da sauri, kunun ya ƙone shi, hawaye suka zubo. Ta bar shi nan yana hurawa.

Da a ce masu gadin da aka saba ne a ƙofa, da ba ta wuce ba, don duk sun san ta. Amma saboda girman wasan an kawo wasu daga wani gari, samari masu baƙin kaya da ba su san kowa ba. Ɗaya ya ɗora katin a kan na'ura, ta yi ƙara, ya ce ta wuce.

Cikin duhu ne da farko, da warin giya da fitsari da jiƙaƙƙen siminti. Ta hau matakala tana dafa bango, ƙasa na rawa a ƙarƙashinta saboda tsallen samari. Sai haske. Ta tsaya cak, wani ya bangaje ta ta baya, ba ta ji ba. Ta manta cewa ciyawar haka take kore. Tutoci sun rufe gefen rana tun daga sama har ƙasa, hayaƙi kore na tashi daga bayan raga inda masu ganguna suke, guntayen takardu na sauka tare da yayyafi. Ƙarar da ta saba ji a toshe, yau ta shigo mata har haƙori.

Layi na tara ya gan ta tun kafin ta iso. Magana ta ɗauke daga wannan kai zuwa wancan. Wani ya yi alamar gicciye. Don Cleofas, wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu, abokin Baba tun a masaƙa, ya tambaye ta ina Nicanor. Ta ce yana shan kunu. Ta wuce ta gabansu suna janye gwiwa kamar mai ɗauke da garwashi, ta isa wurin yayanta. Matashin da yake zama a kai na nan inda yake barinsa kullum, matraka na jingine a gefe: ƙaton katako mai haƙora da dogon mariƙi, wanda Baba ya sassaƙa da itacen tsohon injin saƙa. A kan kai ake juya ta. Bayan Baba, Nicanor kaɗai ke taɓa ta.

Ta ɗaga matashin don ta kakkaɓe ruwa. A ƙarƙashinsa, cikin simintin, an ja rubutu da ƙusa tun yana ɗanye: Melquiades. Sunan Baba ne, kuma hannunsa ne, ta san yadda yake karkata harafin farko. Wancan zuwan nata matashi ya rufe shi, kuma duk shekarun nan Nicanor na zaune a kai, bai taɓa faɗa mata ba. Ta ajiye matashin gefe, ta zauna a kan sanyin simintin.

Ba ta gama zama ba 'yan bakin teku suka ci.

Ƙwallo ce ta banza, daga nesa, ta daki santsin ciyawa ta wuce gola. Filin ya yi tsit, har ana jin 'yan tsirarun baƙin da ke can kusurwa suna ihu. Sai kawuna suka fara juyowa. Daga layi na tara labari ya hau sama ya sauka ƙasa: mai kunu ta shigo. Kofin giya ya faɗo mata a kafaɗa. Wata mata ta watsa gishirin da take cin gyaɗa da shi ta bayan kafaɗarta. Mutumin da ke hagunta ya tashi ya koma tsaye a matakala. Aka yi ta kiran sunanta ana cewa ta fita, wasu da roƙo, wasu da zagin da har uwarta da ke kabari ta samu rabo. Ba ta waiwaya ba. Ta kafa ido a kan ciyawa, hannunta ɗaya a kan sunan Baba. Ta fara tunanin ko gaskiyarsu ce. Wannan ne tunanin da ta fi tsoro, don ya daɗe yana kwana da ita.

Har aka tafi hutu Hilanderos ba su kai hari ko ɗaya na kirki ba. Don Cleofas ya matso ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya ce ta ga abin da ta zo gani, ta yi wa Allah ta sauka. Ta tashi. Suka buɗe mata hanya da sauri.

A ƙasa, ta tsakanin ƙarafan ƙofa ta biyar, ta hango Nicanor. Yana bakin tukunya da ludayi a hannu, rigar girkinta a wuyansa, leɓunansa sun kumbura. Masu sayar da tuta da waɗanda ba su samu tikiti ba sun kewaye wata 'yar rediyo kusa da shi. Ya gan ta, ya taho har jikin ƙarfe.

"Kin ji daɗi? Fito."

"Katin ba ya shiga sau biyu. Ko na fito kai ba za ka shiga ba."

"Na sani, na yi ta fama da waɗannan jakunan. Na ce musu ubana ne ya gina wurin, suka ce in je in kawo shi. Ke dai fito."

Mai gadin ya riƙe sakata yana jira, ya ce in ta fita ta fita ke nan. Herminia ta dubi kurfoti, ta dubi murfin tukunya da ya lotsa a tsakiya saboda ƙwanƙwasa. Taku kaɗan ne tsakaninta da wurinta.

"Yaya, ya kallo daga nan?"

"Wane kallo? Ba abin da ake gani. Mutum sai ya haukace."

"Na sani," ta ce.

Ya kawar da kai. Can ya ce tun ɗazu yake kasa kunne bai ji matraka ba. Ta ce ba wanda ya taɓa ta. Ya ce gara haka, kuma kada ta kuskura, ko da yatsa. Ta dube shi har sai da ya sake maimaitawa. Sannan ta ce wa mai gadin ya mayar da sakatarsa, ta juya ta hau matakala.

Da layi na tara suka ga ta dawo, wani ya dafe kai. An riga an koma wasa. Ba ta zauna ba. Ta cire jaket ɗin ta jefa a kan matashi, ta sunkuya ta ɗauki matraka. Tana da nauyi, amma hannun da ya shekara da shekaru yana juya tukunya mai cin buhun masara bai ga wani abu ba.

"Ajiye, 'yar nan," in ji Don Cleofas.

"An riga an ci mu, Baba Cleofas. Me ya rage in lalata?"

Tsohon ya tauna dasashi. Sai ya zame hularsa ya sunkuyar da kai don kada katakon ya kwashe shi.

Juyin farko ya karkace, ta kusa faɗawa kan na gabanta. Na biyu ya zauna. Haƙoran katakon suka fara cin juna, kaf-kaf-kaf-kaf, ƙara mai bushewa da ke ratsa ganguna ta wuce. Ƙarar masaƙa ce sak, lokacin da injuna ke aiki har a ji su a bakin kogi. Tsofaffin da suka yi aiki a can suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Ba don ita ba. Jikinsu ne ya san ƙarar. Suka fara buga ƙafa a kan siminti daidai da ita, layi na goma ya ɗauka, na sama suka ɗauka, masu ganguna a bayan raga suka sauya kiɗa suka biyo. Yayyafi ya koma ruwa sosai. Ba wanda ya nemi mafaka.

Ƙwallon da aka farke ba ta da kyan gani. Kwana aka bugo, aka yi cakwakiya a gaban raga, ta daki ɗuwawun wani mai tsaron bayan 'yan bakin teku ta gangara ciki a hankali kamar mai jin kunya. Filin ya fashe. Giya ta yi sama ta dawo. Herminia ta so ta sauke hannu ta huta, sai ta ji an riƙe mata ƙafa. Mutumin da ya gudu matakala ɗazu ne, a durƙushe, yana roƙonta kada ta gusa: yadda ƙafarta ta hagu take a kan matakin nan, ta bar ta haka. Wani ya ce kada a mayar mata da jaket. Matar gishiri ta ce a bar gashinta a kwance yadda ruwa ya kwance shi. Wani bawan Allah da ya je fitsari lokacin da aka ci ya dawo yana murna, aka tare shi a bakin layi aka ce ya koma inda ya fito, kada a sake ganinsa sai an tashi. Ya koma.

Dariya ta kama ta, irin wadda ke fitowa da ciwo. Ta ci gaba da juyawa.

Kafaɗunta suka ɗau wuta. Tafin hannunta ya sale, ta ji danshin da ba na ruwa ba ne a kan mariƙin. 'Yan bakin teku suka daki ƙarfen raga sau ɗaya, filin gaba ɗaya ya ja numfashi, ita ba ta tsaya ba. Agogon da ke saman gefen inuwa ya daɗe da mutuwa, saboda haka ba ta san nawa ya rage ba, sai dai ta ga alƙalin wasa ya fara duban hannunsa.

Tepole ne ya karɓi ƙwallon, ɗan gajeren yaron nan da ya sauko daga ƙauyukan kan dutse, wanda uwarsa ke kawo gawayi kasuwa. A tsakiyar fili ya karɓa, laka har gwiwa. Ya wuce na farko, na biyu ya zame ya faɗi da kansa. Ana ta ihu ya bayar, bai bayar ba. Gola ya fito ya baje. Tepole ya ɗaga ta sama da shi, a hankali, ta yi lilo a iska har mutum ya isa ya yi addu'a, ta sauka cikin raga.

Herminia ba ta ji ƙarar ba. Ta ga bakuna a buɗe, ta ga Don Cleofas na kuka da hula a fuska, ta ga simintin da Baba ya zuba yana motsi kamar abu mai rai. Hannunta na juyawa da kansa. Bai tsaya ba sai da aka busa tashi.

Mutane suka tsallake waya suka cika ciyawa. Wasu na yankar ta da wuƙa suna cusawa a aljihu, wasu na fasa bakin mataki da dutse don su tafi da gutsure. Duk wanda ya wuce ta sai ya taɓa kafaɗarta ko gefen matraka. Aka so a ɗaga ta sama, ta ce duk wanda ya taɓa ƙugunta zai ji katako a ka. Ta zauna kaɗan kusa da sunan Baba har numfashinta ya dawo. Sannan ta saɓa matraka ta sauka da ƙafarta, 'yan layi na tara na biye da ita.

A waje titi ya cika da ƙarar hon. Nicanor na zaune a kan bokiti, rediyo a cinya, fuska jiƙe. Tukunya ta ƙare ƙaf, har ƙanzo an kankare. Da ya gan su ya miƙe ya rungume Don Cleofas, ya rungume na bayansa, yana cewa mun koma, mun koma. Da ya zo kanta ya tsaya. Ya dubi matraka, ya dubi jinin da ke hannunta. Ya ce ya ji ta tun daga nan, da farko tana sauri da yawa, amma daga baya ba laifi. Ta miƙa masa jaket ɗinsa, ta zare rigar girkinta daga wuyansa ta ɗaura.

Ta fara tattara kofuna. Ba ta ɗaga murya ba, kamar lissafin cefane take yi.

"Ranar da muka faɗi, Yaya, kana ciki."

"Kowa ma yana ciki."

"Duk shekarun da muka yi a ƙasa kana ciki, ba ka taɓa fashi ba. Yau ce rana ta farko da ka tsaya a waje."

Nicanor ya yi 'yar dariya ya dubi abokansa, yana jiran su taya shi. Ba wanda ya taya. Don Cleofas ya zare hannunsa daga kafaɗar Nicanor a hankali ya sa a aljihu. Na kusa da shi ya ɗan ja baya.

Herminia ta ɗora murfi a kan tukunya, ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, ashe ƙafar wa ce?"